Kai da Idon Jama'a: Wa Ya Fi Sanin Halin Mutum?

A 'yan shekarun nan gwaje-gwajen hali sun cika wayoyin hannu, kuma sun shiga zaurukan WhatsApp na Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina kamar yadda suka shiga na kowa. Mutum zai amsa tambayoyi talatin ko hamsin, manhaja ta fitar masa da sakamako cewa shi mai haƙuri ne kuma mai sauraron mutane, ya tura wa dangi cikin jin daɗi, sai ƙanwarsa ta mayar masa da cewa ai Yaya duk gidan nan babu wanda ya kai ka saurin fushi. A zauren dangi maganar takan ƙare da raha, amma akwai wuraren da irin wannan saɓani yake da nauyi. Ma'aikaci yakan cike takardar kimanta kansa a ƙarshen shekara ya ba kansa maki mai yawa, sannan ya tarar shugabansa da abokan aikinsa sun rubuta akasin haka. Ɗalibin da ke neman gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina ana buƙatar ya kawo takardar tazkiyya, wato shaidar wasu a kan halinsa, domin abin da zai faɗa game da kansa ba ya wadatarwa. Saurayi kuma ana iya hana shi aure bayan an yi bincike a unguwarsu, alhali shi a ganinsa ba shi da abin kushewa. Tambayar da ke ƙarƙashin duk waɗannan ita ce: idan abin da mutum ya sani game da kansa ya saɓa da abin da jama'a suka shaida, wanne ya fi kusa da gaskiya?

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kalmar hali tana da ma'ana biyu a Hausa, domin akwai halin da ake ciki, akwai kuma halin mutum, kuma na biyun ne ake magana a kansa a nan. Abin nufi shi ne ɗabi'ar da ke maimaituwa a tunanin mutum da maganarsa da aikinsa a wurare daban-daban tsawon lokaci. Wanda ya yi faɗa sau ɗaya a cunkoson titin Mansur na Makka cikin zafin azumi ba za a ce masa mafaɗaci ba, sai an ga abin ya bi shi gida da kasuwa da masallaci. Hausawa na cewa hali zanen dutse, kuma bincike ya tabbatar da cewa hali yana da ɗorewa sosai, ko da yake yana sauyawa a hankali, domin yawancin mutane kan ƙara natsuwa da riƙon alhaki yayin da suke manyanta.

Masana halayyar ɗan Adam sun fara auna hali ne daga harshe. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus na Turanci suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutane da su, kuma daga wannan aiki ne aka yi ta tacewa har aka tsaya a kan manyan ginshiƙai biyar: son sabon abu da faɗin tunani, tsari da cika aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, sai kuma saurin damuwa. A ɓangaren Hausa, Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazari a 1974 kan ma'anar mutumin kirki, inda ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Akwai bambanci tsakanin jerin biyu da ya shafi batun nan kai tsaye. Ginshiƙan biyar an tsara su ne don siffantawa, kuma mutum na iya cewa ba ya son taro ba tare da ya zubar da ƙimarsa ba. Siffofin mutumin kirki kuwa dukkansu yabo ne, kuma a al'adar Bahaushe yabo ba ya halatta daga bakin mai shi. Wanda ya miƙe ya ce shi mai kunya ne ya riga ya rushe maganarsa, shi ya sa ake cewa yabon kai jahilci.

Sannan hotunan da ake kwatantawa uku ne, ko da yake an fi lura da biyu. Akwai yadda mutum ke ganin kansa, akwai yadda jama'a ke ganinsa, akwai kuma yadda yake zaton jama'a na ganinsa. A 1902 masanin zamantakewa Charles Horton Cooley na Amurka ya kwatanta jama'a da madubi, yana cewa mutum yana gina sanin kansa ne daga abin da yake hasashen wasu na gani a gare shi. Bayan shekaru da dama, Sidney Shrauger da Thomas Schoeneman a 1979, da kuma David Kenny da Bella DePaulo a 1993, suka tattara binciken da aka yi suka gano cewa madubin ba ya aiki yadda ake tsammani. Abin da mutum ke zaton ana faɗa a kansa ya fi kama da ra'ayinsa game da kansa fiye da ainihin abin da ake faɗa. Wato mai ganin kansa mai fara'a yakan ɗauka kowa haka yake ganinsa, ba tare da ya taɓa ji daga bakin kowa ba.

Inda mutum ke ruɗin kansa

Karin maganar da ta fi kama wannan ɓangare ita ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Dalili na farko shi ne son kai na ɗabi'a, wanda ke sa mutum ya ɗora kansa sama da inda yake a duk abin da ake yabo. A 1981 Ola Svenson ya tambayi masu tuƙi a Amurka da Suwidin su kwatanta gwanintarsu da ta sauran, sai kashi 93 cikin ɗari na Amurkawan da kashi 69 na 'yan Suwidin suka sa kansu a rabin da ya fi iyawa, abin da lissafi ba zai yarda da shi ba. A 1999 kuma Justin Kruger da David Dunning na Jami'ar Cornell suka nuna cewa ɗaliban da suka fi kowa faɗuwa a gwajin nahawu da tunani su ne suka fi kuskure wajen ƙiyasta matsayinsu: suna can wajen mataki na 12 cikin ɗari idan an ƙirga daga ƙasa, amma suna zaton suna wajen na 62. Wasu masana sun yi jayayya cewa wani ɓangare na wannan sakamako daga yanayin lissafin ya fito, sai dai babu mai musun cewa mutane kan yi wa kansu alfarma idan aka zo batun basira da iyawa.

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi, kuma ba ya buƙatar mutum ya kasance mai girman kai. Kowa yana auna kansa da niyyarsa da uzurinsa, jama'a kuwa suna auna shi da abin da ya fito fili. Edward Jones da Richard Nisbett sun yi bayanin wannan a 1971. A ɗauki direban da ke kai yaran wani gida makaranta a Jidda, wanda ya makara sau biyar cikin wata guda. A wajensa kowace makara tana da dalilinta: ranar farko cunkoso, ta biyu an rufe hanya, ta uku ɗansa ya kwana da zazzaɓi. Maigidan ba ya riƙe da dalilan, lissafin yake riƙe da shi, kuma lissafin ya ce sau biyar. Direban bai yi ƙarya ba da ya ce shi mai kiyaye lokaci ne, domin a zuciyarsa haka yake nufi, sai dai shi yana ganin ranakun ɗaya bayan ɗaya ne, wancan kuma yana ganin zaren da ya haɗa su. Ga kuma wani abu mai sauƙi da ake mantawa: mutum ba ya ganin fuskarsa lokacin da yake magana, ba ya kuma jin muryarsa yadda take isa kunnen wani. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to mai fuskar shi kaɗai ne a ɗakin ba ya karanta wannan labari.

Kuskuren ba kullum yake karkata ga yabon kai ba. A 2000 Thomas Gilovich da abokan aikinsa suka sa ɗalibai rigar da suke jin kunyar sawa suka tura su cikin ɗaki, ɗaliban suka ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen sun lura da rigar, alhali waɗanda suka lura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. A 2018 Erica Boothby da abokan aikinta suka gano cewa bayan hira da baƙo, mutane kan raina irin yadda suka kwanta wa abokin hirar a rai. Sabon zuwa Makka da ya fito daga wata walima yana cizon yatsa cewa ya kwafsa a Larabci, mai yiwuwa ne waɗanda ya zauna da su sun tashi suna yabon natsuwarsa.

Game da gwaje-gwajen waya, ya kamata a san abin da suke aunawa. Duk abin da manhaja ta faɗa daga amsoshin mai ita ta ɗauko shi, don haka hoton farko ne take mayar masa cikin kyakkyawan tsari. Dalilin da ya sa sakamakon ke zama kamar an shiga zuciyar mutum kuwa Bertram Forer ya nuna shi tun 1948, lokacin da ya ba ɗalibansa 39 bayanin halinsu, kowa yana zaton nasa daban ne, alhali rubutu ɗaya ne da ya harhaɗa daga littafin masu duba taurari. Da aka ce su ba shi maki, matsakaicin ya kai kusan 4.3 cikin 5. Jimla irin ta "kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba tukuna" ta dace da kowa, kuma 'yan duba sun daɗe da sanin haka.

Inda jama'a ke kuskure

Shaidar jama'a ma tana da nata ramukan. Kowane mai shaida wani yanki yake gani: abokin aiki ya san mutum daga safe zuwa la'asar, limamin unguwa ya san shi a sahu, matarsa ta san shi bayan an rufe ƙofa, kuma ba mamaki ukun su ba da labarin da ba ya kama da juna. A 1920 Edward Thorndike ya lura cewa hafsoshin soja idan suka yaba wa soja a abu ɗaya, kamar kyan tsayuwa, sai su yaba masa a basira da amana da shugabanci gaba ɗaya. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa so hana ganin laifi, kuma ƙi ma haka yake hana ganin alheri. Akwai kuma matsalar yawan da ba yawa ba ne, domin idan mutum goma a unguwa suka ce wane ba shi da amana, amma dukkansu daga bakin mutum ɗaya suka ji, to shaida ɗaya ce aka maimaita sau goma. A al'ummar da ke zaune a ƙasar waje, inda kowa ya san kowa kuma labari ke tashi daga Makka ya isa Kano kafin magariba, wannan haɗari ya fi girma.

Malaman hadisi sun fuskanci wannan matsala tun ƙarnonin farko, domin aikinsu ya rataya ne a kan tantance halin masu ruwaya ta hanyar shaidar wasu, kuma ƙa'idojin da suka kafa a ilimin jarhu da ta'adili suna da amfani har a wajen fagensu. Sun ce idan an riga an tabbatar da adalcin mutum, ba a karɓar suka a kansa sai mai sukar ya fayyace dalili. Sun kuma yi taka-tsantsan da sukar da tsara ke yi wa tsaransa idan akwai alamar gasa ko hassada ko saɓanin mazhaba a tsakani. Sun ma rarraba masu sukar kansu zuwa masu tsanani da masu sassauci da matsakaita, wato mai ba da shaida shi ma sai an auna shi.

Wata matsalar kuma ita ce jama'a sukan sani amma ba sa faɗa. Kunya da kara da kawaici sun hana Bahaushe ya dubi idon babba ko aboki ya ce masa yana da rowa ko yana katse mutane a magana, kuma a Saudiyya an haɗu da al'adar mujamala, wato daɗaɗa wa mutum da kalamai masu kyau ko da zuciya ba ta kai nan ba. Sakamakon haka shi ne mutum na iya shekara ashirin kowa a unguwa ya san wani aibinsa, har a yi masa laƙabi a bayan ido, shi kaɗai bai sani ba. Gwargwadon girman mutum da dukiyarsa, gwargwadon ƙarancin masu gaya masa gaskiya.

Ga Hausawan Saudiyya akwai ƙarin tazara da harshe da al'ada ke haifarwa. Wanda ya taso a Katsina ko Zindar an koya masa cewa sunkuyar da kai gaban babba da rage murya da jinkirta amsa su ne ladabi, amma shugaban aiki Balarabe ko Ba'indiye ko Bafilifine na iya fassara hakan da rashin tabbaci ko ɓoye wani abu. Mai barkwanci da iya zance a Hausa yakan koma mai shiru-shiru idan hira ta juya Larabcin Hijaz, don haka abokan aikinsa suna shaidar wani mutum ne da danginsa ba su san shi ba. Akasin haka ma yana faruwa: yaran da aka haifa a Makka ko Jidda, waɗanda suka saba da ɗaga murya da faɗin abu kai tsaye, idan suka je ganin dangi a Kano akan ce ba su da kunya, alhali a inda suka taso ba wanda zai ga laifinsu. Sannan akwai hukuncin da ake yanke wa jinsi gaba ɗaya kafin a san mutum, kamar yadda kalmar takari kan zo da wasu zato a bakin wasu. Irin wannan ba shaida ba ce a kan halin kowa, tunda an riga an yanke ta kafin a gan shi.

Wa ya san me

Tunda kowane ɓangare yana kuskure, masu bincike sun koma tambayar wane irin hali ne kowanne ya fi gani. A 1955 Joseph Luft da Harrington Ingham suka zana abin da ake kira tagar Johari, sunan da aka haɗa daga farkon sunayensu. Sun raba sanin mutum gida huɗu: abin da shi da jama'a duka suka sani, abin da ya sani ya ɓoye, abin da jama'a suka sani shi bai sani ba, da abin da ba wanda ya sani tukuna. Zanen ya yaɗu a tarurrukan horar da ma'aikata, amma bai faɗi waɗanne halaye ne ke faɗawa kowane gida ba.

Simine Vazire ce ta gwada amsa wannan a 2010, lokacin tana Jami'ar Washington da ke St. Louis. Ta sa mutane sun kimanta kansu, abokansu da baƙi ma suka kimanta su, sannan ta auna kowa da ma'aunin da ba na ra'ayi ba, kamar gwajin basira da lura da yadda mutum ke yi idan aka sa shi jawabi ko tattaunawa a rukuni. Ta gano cewa abubuwa biyu ne ke raba gardama: ko halin yana fitowa fili, da kuma ko ana yabo ko zargi a kansa. A halayen da ke ɓoye cikin zuciya, kamar fargaba da damuwa, mutum ya fi kowa sanin kansa, daidai da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A halayen da ake alfahari da su, kamar basira da ƙirƙira, abokai sun fi mai abin daidai, domin su ba su da abin karewa. A halayen da ke bayyane kuma ba su da nauyin yabo sosai, kamar yawan magana, kowa ya yi kusan daidai, har baƙin da suka ga mutum na ɗan lokaci.

Wasu binciken sun ƙara wa shaidar jama'a nauyi. A 2010 Brian Connelly da Deniz Ones suka haɗa sakamakon nazarce-nazarce da suka shafi mutane sama da 44,000, suka ga cewa kimantawar wasu ta fi ta mai kai hasashen nasara a karatu da aiki. A 2015 Joshua Jackson da abokan aikinsa suka koma kan bayanan da aka tattara a Amurka tun shekarun 1930 daga masu shirin aure da abokansu, suka tarar abin da abokai suka faɗa ya fi abin da mutanen suka faɗa game da kansu hasashen tsawon rai, kuma babban dalili shi ne ra'ayin abokai da dama aka haɗa, kuskuren wannan ya goge na wancan. A shekarar dai Wu Youyou da Michal Kosinski da David Stillwell suka nuna cewa kwamfuta, idan ta duba abubuwa 10 da mutum ya nuna yana so a Facebook, ta fi abokin aikinsa iya siffanta shi, da 70 ta fi aboki, da 150 ta fi ɗan'uwa, da 300 kuma ta kamo miji ko mata. Sai dai a wannan binciken ma'aunin gaskiya shi ne amsoshin da mutumin ya bayar da kansa, don haka abin da kwamfutar ta ƙware a kai shi ne hasashen hoton farko.

Dole a haɗa waɗannan alƙaluma da wani gargaɗi. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. A 2013 kuma aka gwada ginshiƙan biyar a tsakanin ƙabilar Tsimane ta Bolibiya ba su fito yadda aka saba gani ba. Bahaushen da aka tambaya ko shi mai hikima ne, kunya na iya sa ya rage wa kansa maki a inda Ba'amurke zai ƙara.

Mahangar malaman Musulunci

Nassoshin addini sun riƙe ɓangarorin biyu tare. A Suratul Ƙiyama, aya ta 14 da 15, an ce mutum mai gani ne a kan kansa ko da ya kawo uzurorinsa, a Suratun Najmi aya ta 32 kuma aka hana mutane tsarkake kansu, domin Allah ne Mafi sanin wanda ya yi taƙawa. A ɓangaren jama'a, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa aka yabe ta, aka wuce da wata aka zarge ta, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata a kan kowace, wato aljanna ga wadda aka yaba, wuta ga wadda aka zarga, ya ƙara da cewa ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Da wannan ma'ana ce Hausawa ke cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Ibnu Majah ya ruwaito cewa wani ya tambayi yadda zai san ya kyautata ko ya munana, aka ce masa ya saurari abin da maƙwabtansa ke faɗa, Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa mumini madubin mumini ne. Amma shaidar tana da sharaɗi. An ruwaito cewa wani ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko sun yi hulɗar kuɗi, da ya ce a'a sai ya ce masa to ba ka san shi ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo hanyoyi huɗu na gane aibin kai a cikin Ihya'u Ulumiddin: zama gaban malami mai basira, neman aboki mai gaskiya da addini a ɗora masa aikin lura, amfana da abin da maƙiya ke faɗa, da kuma cuɗanya da mutane ta yadda duk abin ƙi da mutum ya gani a wani sai ya bincika ko yana tare da shi. Dukkan huɗun ta kan wasu mutane suke bi, kuma ya lura cewa maƙiyi kan fi aboki mai daɗin baki amfani a nan. Duk da haka niyya da riya da ikhlasi ba sa cikin abin da maƙwabci zai iya shaida. Addu'ar da ake dangantawa da Sayyidina Abubakar idan an yabe shi ta jera matakan: Allah Ya fi shi sanin kansa, shi kuma ya fi masu yabon sanin kansa, sannan ya roƙi a sa shi ya fi abin da suke zato, a gafarta masa abin da ba su sani ba.

Abin da hakan ke haifarwa a rayuwar yau da kullum

A wurin aiki abin ya fi tsanani ga baƙo. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta yarda a sa lokacin gwaji da ba zai wuce kwana 180 ba, kuma ga wanda igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke rataye da wurin aikinsa, ra'ayin shugaba a waɗannan watanni ya shafi zamansa a ƙasar gaba ɗaya. Bisa abin da ya gabata, idan abokan aiki da dama da ba su haɗa baki ba suka faɗi abu ɗaya game da abin da ake gani, kamar makara ko katse magana ko kaushin harshe, ya fi yiwuwa su ne da gaskiya. Idan kuwa hukuncin ya shafi abin da ke zuciya, kamar a ce ba ya son aikin ko yana raina mutane, to hasashe ne aka yi daga alamomin da al'ada ke iya juya ma'anarsu, kuma bayani na iya gyara shi. Su ma masu ba da shaidar akwai abin lura gare su. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka tattara sakamako sama da 600 kan gaya wa ma'aikata yadda aikinsu yake, suka ga cewa ko da yake yana taimakawa a jimlace, a fiye da kashi ɗaya cikin uku ya ƙara lalata aikin ne, musamman idan maganar ta bar aikin ta koma kan mutumin. Cewa rahoton ya makara kwana biyu yana ba da abin gyarawa, cewa kai malalaci ne kuwa yana tura mutum kare kansa.

A gida ma haka abin yake da yara, domin laƙabin da iyaye ke liƙa wa yaro, mai taurin kai ko sakarai ko mai wayo, yakan zama madubin farko da yake kallon kansa a ciki, tun kafin ya sami wata shaidar da zai kwatanta da ita.

A batun aure, binciken da iyaye ke yi yana da tushe a shari'a. Muslim ya ruwaito cewa Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya gaya mata cewa ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun kafa hujja da wannan cewa faɗin aibi wajen shawara ba ya cikin gibar da aka haramta. Wahalar da Hausawan Saudiyya ke fuskanta ita ce sau da yawa mai neman auren ya shekara goma a Riyad ko Jidda, amma binciken a garinsu ake yi, inda mutane ke ba da shaidar yaron da suka sani kafin ya tafi, ko kuma ta kyautar da yake aikowa da Sallah. Waɗanda suka cika sharuɗɗan Sayyidina Umar a kansa, wato abokan ɗakinsa da abokan tafiyarsa da waɗanda suka taɓa ba shi bashi ko ajiya, suna can inda yake zaune, kuma su ne aka fi mantawa a tambaya.